Me Hanyar Take Ɗaukowa?

(Laccar da aka gabatar a wani zaure a Kaduna, aka rubuto ta daga faifan murya)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, iyaye mata da ke can baya, da ku samarin da kuka toshe ƙofa, ku shigo mana, ga kujeru nan gaba ba kowa. Ana jina a baya? To, madalla.

Abu uku na zo da su yau. Na farko, irin ci gaban da ake yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto. Na biyu, mu kanmu da son abin duniya. Na uku, rigimar hanya tsakanin Najeriya da Nijar da Benin.

Mu fara daga Rigasa. Ranar 26 ga Yuli, 2016, Shugaba Buhari ya buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa shi, da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na can. Na shige shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ban zo nan don in kushe shi ba. Lokacin da titin Abuja ya zama tarkon masu garkuwa da mutane, jirgin nan ya zame mana mafaka, har zuwa daren 28 ga Maris, 2022, da aka dasa masa bam. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. (Amin)

Amma wata rana ku je Rigasa ku tsaya, ku dubi abin da ke fitowa daga tashar. Akwati mai taya, jakar kwamfuta, waya a kunne. A duk shigar da na yi, ban taɓa ganin an sauke buhun citta ko kwandon tumatir ba. Tambayata ke nan ta yau, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni: me hanyar take ɗaukowa, me take kaiwa?

Kaduna ai ɗiyar jirgin ƙasa ce. Dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912, sannan a 1917 aka ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru aka kawo nan. Turawa ba don ƙaunarmu suka yi ba, kada wani ya fita ya ce na yabi mulkin mallaka. Gyaɗa suke so, da auduga, da fata, da kuzar Jos. Sai dai kafin su ajiye ƙarfe ɗaya a ƙasa sun san abin da zai hau kansa. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa ya je ɗauka. Na Nguru a 1930, gyaɗa da shanu. Dalar gyaɗar Kano da muke tinƙaho da hotonta, buhuna ne da ke jiran tarago.

Da Sardauna da mutanensa suka zo, sai suka ce me zai sa audugarmu ta tafi Ingila ta dawo mana a matsayin yadi? A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex. Aka fara haɗa Peugeot a 1975, matatar mai ta zo a 1980.

Ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a nan, domin a Kakuri na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki. Mu ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. In ta yi kuka, masu aikin dare su fito, na safe su shiga, titi ya cika da kekuna har ba ka iya tsallakawa. Mai koko da ƙosai tana bakin ƙofa tun asuba, mai facin keke yana gefenta, mai shayi ya san wanda zai biya yau da wanda sai ƙarshen wata. Baba zai dawo gida burbushin auduga ya yi masa fari a gira da gefen hula, mahaifiyarmu ta zauna tana tsince masa ɗaya bayan ɗaya kafin ta kawo tuwo. Maƙwabcinmu na dama mutumin Kagoro ne, na hagu Tibi ne daga Binuwai, duk inji ɗaya suke tsayawa a kai. Albashin mutum ɗaya yana riƙe da gida guda, da mai haya, da tela, da malamin allo. Akwai waɗanda suka san zamanin nan a zauren nan? Baba na ga ka ɗaga hannu. Wace shekara ka shiga? Ka ji, ashe ka riga mahaifina.

To, jiniyar nan ta yi shiru. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake kunna tukunya da shi ya yi tsada, injina suka tsufa, sannan atamfa mai araha daga Sin ta riƙa sauka a tashar ruwan Kwatano ta ƙasar Benin, ta hau mota zuwa Maraɗi, ta ɓullo ta Jibiya, ta sauka Kantin Kwari. Ku riƙe wannan hanyar a ranku, za mu dawo kanta. Ƙasar da ta ba mu bashin jirgi ita ce kayanta suka cika kasuwarmu. Ban ga laifin Sin ba, kowa gidansa yake ginawa. Mu ne ya kamata mu tambayi kanmu me za mu loda.

A Kakurin nan dai aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a watan Janairun 2018. Abu ne mai kyau. Amma ɗaliban da ke nan, ga aikin bincike na ba ku: ku je ku tambaya kwantena nawa ke shigowa cike, nawa ke fita cike. Amsar da kuka samu ita ce ma'aunin arzikin jihar nan.

Haka gadar Kawo da aka buɗe a farkon 2022. Wanda ya san cunkoson Kawo a da ba zai raina ta ba. Amma manomin citta a Kachiya ko Kwoi, wanda cuta ta cinye masa gona a daminar 2023, abin da yake nema kwalbati ne a kan rafin da ke raba shi da kasuwa, da iri mai kyau, da malamin gona da zai leƙo shi. Kwalbati ba ya kyau a hoto. Gyaran famfo ba a kira masa 'yan jarida. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba, jama'a.

Na huɗu... a'a, na biyu ko? Na gode, ɗana. (Dariya) Na biyu, mu kanmu. Shugaba daga cikinmu ya fito, abin da ya ga muna tafa wa shi zai yi. Mu ne za mu ci bashi mu jera akwatin lefe goma sha biyu, bayan wata uku amarya tana aika yaro aron gishiri. Matashi ya sayar da gonar gado ya sayi mota, ba shi da kuɗin mai. Gwamnatin da ta ci bashi ta gina abin kallo, da magidancin da ya ci bashi ya yi bikin kece raini, hali ɗaya ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Shugaban taro yana nuna mini agogo, bari in wuce.

Na uku a gurguje. Nijar ba ta da teku, don haka duk wanda ya riƙe mata hanya ya riƙe mata wuya. Kwatano ce ƙofarta tun da daɗewa. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. Mu mun buɗe tamu a watan Maris na 2024, amma Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanbil da ke kan iyakarta da Benin, kaya suka koma bi ta tashar ruwan Lome a Togo su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja. Bututun man da kamfanin Sin ya shimfiɗa daga rijiyoyin man Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, shi ma rigimar ta shafe shi. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS gaba ɗaya. Ana cikin haka muna gina dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, an aza tubali a Fabrairun 2021, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 2. Manufar ita ce a janye kayan Nijar daga Kwatano zuwa Legas. Ni ina goyon bayansa, Katsina da Maraɗi ai gida ɗaya ne da Bature ya raba. Amma dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, sai ya haɗu kafin... Na'am? Hajiya tana da tambaya. A miƙa mata abin magana.

(Wata mata daga cikin masu sauraro: Malam, ni mijina ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba. Atamfar Sin ɗin da kake magana ita nake sayarwa, da ita na aurar da 'ya'ya uku, ita ce talaka ke iya saya. In aka hana ta shigowa, me zan ci?)

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya sa ya huta. Wallahi kin fi ni gaskiya, kuma ban ce a hana ba. Mun gwada ai. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an rufe iyakokin ƙasa, kowa a nan ya san abin da buhun shinkafa ya yi, mutanen Jibiya da Illela suka sha wuya, jiniyar Kakuri kuma ba ta dawo ba. Rufe iyaka ba ya kawo wuta. Abin da masaƙa ke bukata wuta ce da ba ta ɗaukewa, da irin auduga mai kyau a hannun manomin Funtuwa, da rancen da ruwansa ba zai kashe mai masana'anta ba. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, da aka fara a 2020, shi nake sa wa ido fiye da kowace gada, domin shi zai iya kunna inji. Ranar da atamfar Kakuri ta zo miki da farashin da za ki samu riba, ke da kanki za ki ɗauka, ba sai kwastan ya tilasta miki ba. Kafin ranar, ki riƙe sana'arki, Allah ya sa albarka.

Ga shi an kira la'asar. Hajiya, don Allah bayan salla ki ɗan dakata, ina so ki gaya mini ta inda dilolinku ke shigowa tun da aka rufe Gaya. Wassalamu alaikum.