Man dare ba ya maye gurbin man shafawa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan wata ɗabi'a ce da ta shigo wa 'yan matanmu da matan aure a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba har Obalende: a ajiye man shafawa na kullum, a koma wa abin da ake kira man dare, a shafa a fuska kafin a kwanta, da fatan a wayi gari fata ta yi sumul.

'Yar wana ce ta sa na ɗauko zancen. Watan jiya ta shigo gidana ta rufe rabin fuska da mayafi. Da ta yaye, gefen hancinta da kewayen bakinta duk sun yi saɓa, fatar tana tashi fari-fari kamar garin rogo. Ta ce, "Gwaggo, ko ruwan alwala na zuba sai in ji kamar an watsa min barkono." Na ce ta kawo kwalbar. 'Yar ƙarama ce, a kasuwar Balogun ta saya, an rubuta retinol a jikinta. Kwana 12 tana shafawa kowane dare, kuma tun ranar farko ta daina taɓa man da ta saba da shi, don mai shagon ya ce mata wannan ya wadatar.

Maganar mai shagon ita ce kuskuren. Retinol dangin bitamin A ne, aikinsa shi ne ya sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, shi ya sa yake taimakawa kan ƙuraje da tabo, har likitocin fata suke rubuta ɗan'uwansa mai ƙarfi, tretinoin. Amma ba ya ba fata danshi. A makonnin farko ma busar da ita yake yi. Man shafawa kuwa aikinsa riƙe wa fata ruwanta, kuma da dare ne fata ta fi rasa ruwa. Kenan yarinyar nan ta janye wa fuskarta kariya a daidai lokacin da ta fi bukata, sannan ta ɗora mata abu mai zafi.

Sai kuma rana. Fatar da retinol ya taɓa ba ta jure ta. Wadda za ta tsaya jiran motar haya ta danfo a Oshodi da tsakar rana ba ta shafa man kariya daga rana ba, ta jawo wa fuskarta ƙuna. Irin fatarmu kuwa, idan ta ji rauni, tabo baƙi take bari, wanda kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Abin da aka je gudu shi ake tararwa. Mai juna biyu kuma likitoci sun ce ta nisanci wannan dangin gaba ɗaya, kuma ina roƙon mazaje su ji wannan, don sau da yawa su ne ke sayowa.

Akwai masu lafta basilin da kauri su kwana da shi. A hunturun Kano, inda leɓe ke tsagewa, wannan yana da ma'ana. A Legas iska cike take da danshi. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi na tsattsafowa ƙarƙashin maiƙo har asuba. Mai fuska mai maiƙo ƙuraje za ta girba.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin da ake ɗurawa a roba marar suna, a ce na dare ne. A irinsa ake samun clobetasol da hydroquinone, sinadarai masu ƙarfi da ke sa fata haske, wani lokaci har da sinadarin makuri mai guba. Makon farko fuska ta yi haske, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito, shi makuri kuma ƙoda yake taɓawa. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan. Robar da ba ta da lambar hukumar, ba a rubuta abin da ke cikinta ba, kada ta kusanci fuskarki.

Wadda ke son gwada retinol na gaskiya, ta fara da sau 2 a mako, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, a busasshiyar fuska, sannan ta bi shi da man shafawarta a sama. Ga mai busasshiyar fata, man kaɗanya, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ori, yana yin wannan aikin.

Ita 'yar wan nawa ta ajiye kwalbar, ta koma wa manta na da, safe da dare. Cikin mako 2 saɓar ta tsaya, alwala ta daina yi mata zafi. Baƙin da ya zauna a gefen bakinta yana nan, ranar Talata zan raka ta wurin likitan fata.