Shekarun da Bidiyon Buhari Ya Tsallake

[Hoto: fuskar waya, yatsa yana jan gajerun bidiyoyi sama]

Assalamu alaikum jama'a. Da wuya a ce ba ku ci karo da irin wannan bidiyon ba, a TikTok ko a sitatus ɗin WhatsApp. Hoton marigayi Muhammadu Buhari, kiɗa mai sanyaya jiki a ƙasa, sai rubutu yana fitowa ɗaya bayan ɗaya: 2003 ya faɗi, 2007 ya faɗi, 2011 ya faɗi, 2015 ya ci. Daga nan sai a ce maka kada ka karaya, ka ci gaba da abin da kake yi, lokacinka na tafe. Tun bayan da aka yi masa sutura a nan Daura ranar 15 ga Yulin 2025, kusan duk wanda ya kawo kukan karayar jari ko faɗuwar jarrabawa, da wannan bidiyon ake lallashinsa.

Shekarun nan duk gaskiya ne, kuma masu turawa alheri suke nufi. Sai dai tsakanin 2011 da 2015 akwai shekara huɗu da bidiyon ya haɗiye cikin daƙiƙa ɗaya, alhali a cikinsu darasin yake. Ba siyasa za mu yi yau ba. Ko mulkinsa ya yi maka daɗi ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta daban, kuma ko a majalisun cikin garin nan ba a gama ta ba. Mu lissafi kawai za mu duba.

[Hoto: tsofaffin hotuna, kakin soja, ƙofar fadar Sarkin Daura]

Tarihin kun san shi, ba sai na ja ba. An haife shi a Daura a 1942, ya shiga soja, ya karɓi mulki a ƙarshen 1983, aka kifar da shi a Agustan 1985, ya yi fiye da shekara uku a tsare. Mu wuce wurin alƙaluma.

[Hoto: alƙaluma suna fitowa a kan allo]

A 2003, ƙarƙashin ANPP, ya samu ƙuri'a miliyan 12.7, Obasanjo ya haura miliyan 24. A 2007 aka ba shi miliyan 6.6. Wannan zaɓen ku ajiye shi gefe, domin ko marigayi Umaru Musa 'Yar'adua da ya ci, a jawabinsa na rantsuwa ya yarda cewa zaɓen yana da naƙasu, kuma da shari'ar ta kai Kotun Ƙoli alƙalai rabuwa suka yi, huɗu da uku. A 2011, ƙarƙashin CPC, miliyan 12.2, Jonathan kuma miliyan 22.5.

To ku dubi ta farko da ta uku. Miliyan 12.7 da miliyan 12.2. Shekara takwas ana naci, ana zagaye ƙasa, filayen taro suna cika maƙil, ana zuwa kotu ana dawowa, amma ƙuri'ar tana nan inda take, har ma ta ɗan ragu. Da naci kaɗai ke ba da nasara, ai da an ga alƙalumman suna hawa.

Ga dalilin. Kundin tsarin mulkin Najeriya bai ce ka fi kowa ƙuri'a kawai ba. Sai ka kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jiha 24 cikin 36. Arewa gaba ɗayanta jiha 19 ce. Ko da kowane mai katin zaɓe daga Sakkwato zuwa Barno ya dangwala masa, lissafin ba zai cika ba sai ya samu hannu a Kudu. A 2011 jiha 12 ya ci, duk a Arewa, kuma a Legas ko ƙuri'a 200,000 bai kai ba. An yi maganar ƙawance da jam'iyyar ACN a shekarar, ta wargaje ana gab da zaɓe.

[Hoto: taron rufe kamfe na 2011]

Kun tuna wannan wurin, inda ya zubar da hawaye ya ce wannan ce takararsa ta ƙarshe. Masu haɗa bidiyo suna son wannan hoton ƙwarai. Abin da ya biyo bayansa ne ba su da hotonsa, domin zaman tattaunawa a ɗaki ba ya jan masu kallo.

A 2013 aka narkar da CPC. Ku ɗan tsaya a nan. Jam'iyya ce da aka gina a kansa, shi ne tutarta, babu mai ja da shi a cikinta. Ya yarda ta narke cikin haɗaka da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA, aka samu APC, hukumar zaɓe ta yi mata rajista a ƙarshen Yulin shekarar. A watan Nuwamba gwamnonin PDP biyar suka shigo, cikinsu har da Kwankwaso na Kano da Wamakko na Sakkwato. Ya zauna da mutanen da a da ba ya shan inuwa ɗaya da su. Ya shiga zaɓen fid da gwani a Legas a Disambar 2014, ya kara da Kwankwaso da Atiku, kuma da ya faɗi a nan, da shi ke nan. Mataimaki ma daga ɓangaren abokan haɗaka ya fito, Farfesa Yemi Osinbajo.

Sakamako a 2015: miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.9. Jiha 21. Legas ɗin nan da ta ba shi ƙasa da 200,000, wannan karon ta ba shi kusan 800,000.

Adalci shi ne a faɗa cewa ba haɗakar kaɗai ba ce. An shigo da na'urar tantance katin zaɓe a zamanin Farfesa Jega, rikicin Boko Haram da sace 'yan matan Chibok sun zubar da farin jinin gwamnati mai ci, kuma sama da komai mulki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so. Waɗannan ba a hannun Buhari suke ba. Amma abin da ke hannunsa ya sauya shi. Mutum ɗaya ne, buri ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta. Wannan matakin, na zama bayan faɗuwa a tambayi kai me ya kayar da ni, shi ne ake tsallakewa, kuma shi ne ya fi ciwo, domin sau da yawa amsar tana taɓa girman kai.

[Hoto: filin ƙwallo, Ahmed Musa cikin rigar Najeriya]

Haka ake yi wa labarin taurari ma. A nuna maka yaro yana buga ƙwallo ba takalmi, sai a yanke, a nuna shi jingine da mota. Ku ɗauki Ahmed Musa. A 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a shekarar, ta saye shi daga CSKA Mosko. Abin bai karɓe shi ba, benci ya fi yawa. A Janairun 2018 ya koma CSKA a matsayin aro. A idon masu kallo ci baya ne, an bar Ingila an koma inda aka fito. Amma can ya samu buga wasa, ƙafarsa ta warware, a watan Yuni ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya a Rasha. Ƙwallayen nan biyu kowa ya gani. Ranar da ya amince ya koma baya, babu wanda ya sa mata kiɗa.

Ni a ganina wannan ita ce babbar illar da shafukan taurari ke yi wa matasanmu. Ba hassada kaɗai suke haifarwa ba, suna koya wa yaro cewa sauya hanya abin kunya ne. Har gara ya ci bashi ya ci gaba da sana'ar da ke cinye shi, da a ce a unguwa wane ya rufe shago.

[Hoto: kasuwar Daura, 'yan acaba a bakin titi, layin gidan mai]

Mu dawo gida. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe iyaka, Kongolam da Jibiya suka yi tsit, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Duk wanda abincinsa ke kan hanyar Damagaram ko Maraɗi ya ji a jikinsa. Waɗannan ba kai ka jawo su ba, kuma ba kai za ka gyara su ba.

To ga yadda zaman lissafin yake. Ka samu takarda da biro, ka ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya abin da ba ya hannunka: farashin mai, darajar naira, iyaka, damina. Ɗaya gefen abin da ke hannunka. A nan ake yin ha'inci wa kai, domin gefen farko yana da daɗin cikawa, kowa zai taya ka. Gefe na biyu kuwa sai ka yi shiru ka tuna. Kayan da ka bayar bashi, nawa ne suka dawo, kuma ka rubuta su ko a ka kake riƙewa? Kuɗin cefane daga riba kake cira ko daga uwar kuɗi? Ka ma san ribar taka a kan kowane buhu bayan an cire kuɗin mota da na dako? Adashin da ka shiga, zubinsa ya yi daidai da cinikin yanzu, ko da cinikin shekara uku baya aka yanka shi? Mai Keke Napep ya tambayi kansa, bayan mai da balas, me ke saura a aljihu da yamma, kuma awa nawa yake ƙona mai yana yawo babu fasinja.

Mutum zai iya sake haɗa jari sau uku, 'yan uwa su tara masa, matarsa ta sayar da awakinta, amma idan jarin ta wurin bashi yake zurarewa, na huɗun ma ta nan zai bi. Zuba ruwa ne a tulu mai huji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya. Kuma shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Saboda haka wannan binciken bai ci karo da tawakkali ba.

[Hoto: ɗalibai a gaban kwamfutoci]

Ɗalibi ma haka. JAMB darussa huɗu ce, maki 400. Kafin ka sake sayen fom, ka buɗe sakamakon bara ka duba wane darasi ne ya ja ka ƙasa. Idan Ingilishi ne, ƙara haddar Bayoloji ba za ta cece ka ba. Wani kuma karatun yana da shi, kwamfutar ce bai saba da ita ba, lokaci ya ƙare masa yana laluben inda zai danna. Wannan maganinsa 'yan makonni ne a gaban na'ura. Wani kuwa kwas ɗin ne, shekara da shekaru yana kan likitanci alhali makinsa zai ba shi gurbi a wani fanni, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a cikin garin nan. Iyaye, don Allah ku sassauta wa yara a wannan wurin, sau da yawa burin naku ne suke ɗauke da shi.

[Hoto: a rage kiɗa, mata da yara da kaya a ka]

A nan zan sassauta murya, domin akwai waɗanda wannan maganar ba tasu ba ce. Manomin Batsari ko Faskari da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, uwar da aka sayar da komai don kuɗin fansar ɗanta, matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, babu wani kuskuren lissafi da suka yi. Kada wani ya ɗauki bidiyon nan ya tura musu, kuma na Buharin ma kada a tura. Wanda ke cikin wannan hali abinci yake buƙata, da wurin kwana, da wanda zai zauna ya saurare shi. Idan ka ga ɗan uwanka ya daina barci, ya daina cin abinci, ya janye daga mutane makonni, har yana cewa gara mutuwa, kada ka tsaya a kan "yi haƙuri". Ka yi masa addu'a, ka kuma raka shi asibiti, ciwon damuwa ciwo ne da likitoci ke dubawa.

[Hoto: dattijo a rumfarsa yana magana da saurayi]

Ga wanda takardar ta shafa kuwa, kada ya cika ta shi kaɗai. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ka nemi wanda ya riga ka a sana'ar, irin dattawan da suka ga rufe iyakar 2019 suka ga ta 2023 kuma har yau rumfarsu a buɗe take. Ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ga yadda nake tafiyar da kasuwata, ina ne ba daidai ba?" Zai iya ce maka ka rage kaya, ko ka haɗa jari da wani ku yi sari tare kuɗin mota ya ragu, ko ka koma yaron shago na shekara guda ka sake koyo. Ba lallai ka ji daɗin amsar ba, amma ka rubuta ta a gefe na biyu. In kuma ya ce matsalarka bashi ce, ka fito da sunayen tun a daren, gobe bayan sallar Asuba ka fara da wanda ya fi daɗewa bai biya ba.