Inda ɗaliban harshen Jojiya ke tuntuɓe

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. A bambance tun farko: Jojiyar da muke magana a kanta ita ce ta yankin Kaukasus, mai babban birni Tbilisi, ba jihar Amurka ba.

Cibiyar nazarin harshen Jojiya ita ce Jami'ar Tbilisi, wadda masanin tarihi Ivane Javakhishvili da abokan aikinsa suka kafa a 1918. A Ingila kuma, jami'in diflomasiyyar Birtaniya Oliver Wardrop ya kafa asusu a Jami'ar Oxford da sunan ƙanwarsa Marjory, wadda ta rasu a 1909, don tallafa wa masu nazarin harshen da adabinsa da tarihinsa. Rubuce-rubucen da shi da ƙanwarsa suka tara suna ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford har yau.

Sabon ɗalibi yakan firgita da haruffa, alhali su ne mafi sauƙi. Guda 33 ne, babu manya da ƙanana, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Bahaushe ma yana da rangwame, domin harafin კ daidai yake da "ƙ" ɗinmu, წ kuma "ts" ne kamar na tsuntsu. Waɗannan sautuka kan wahalar da Bature, mu kuwa da su muka tashi. A dai kiyaye: a wurinsu "mama" uba ne, uwa kuma "deda".

Gizo yana saƙar ne a aikatau. Ku dubi jimla guda. "Ɗalibi yana rubuta wasiƙa": studenti ts'erils ts'ers. "Ya rubuta": studentma ts'erili dats'era. "Ashe ya rubuta": students ts'erili dauts'eria. Lokacin aikin ya sauya, sai ɗafin mai aikatawa ya bi shi, daga -i zuwa -ma zuwa -s. Wanda ya haddace kalmomi bai gane wannan juyi ba, zai riƙa ɗaukar mai yi a matsayin wanda aka yi wa. Shi ya sa nake ganin duk manhajar da ta cusa aikatau cikin zango ɗaya ta zalunci ɗalibanta.

Mai son tarihi kuwa, rubutun yau, Mkhedruli, ba zai ishe shi ba. Sai ya koyi tsohon rubutu na Asomtavruli, wanda aka sassaƙa a cocin Bolnisi a ƙarshen ƙarni na 5, da Nuskhuri na littattafan coci, kafin ya zauna gaban takardun Cibiyar Korneli Kekelidze, ma'adanar tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke Tbilisi.