Gasasshen Dankalin Turawa: A Naɗe da Foyil Ko A Bar Shi Haka?

Ga dankali biyu a gabanku. Girmansu ɗaya, obin ɗaya suka shiga, tare suka fito. Ku kasa kunne, zan ƙwanƙwasa wannan da cokali. Kun ji? Ƙaras-ƙaras. To ga ɗan'uwansa. Shiru. Bawon ya jiƙe sharkaf, har yana bin yatsa. Abin da ya raba su guda ɗaya ne: na biyun an naɗe shi da takardar aluminiyam, wadda muke ce wa foyil.

Tun da hotunan gasasshen dankali suka fara yawo a intanet, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa: na bi komai yadda aka nuna, me ya sa nawa ya fito kamar dafaffe? Kusan duk wanda ya yi wannan tambaya, idan ka bincika, naɗewa ya yi.

Bari mu gama da shirin farko a gurguje. A zaɓi manya, irin masu gari a ciki, kamar wanda ake kira Russet. A wanke da burushi, domin har bawon za a ci. Inda ya yi kore a yanke a yar, akwai wani sinadari mai suna solanin a wurin, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki. A tsane shi sarai da tawul. A soka cokali mai yatsu sau shida ko takwas. Shi ke nan.

Yanzu ga inda ake kuskure.

Dankali, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Da ya ji zafi, ruwan nan zai fara zama tururi yana neman hanyar fita. Ku dubi ramukan da muka soka, kun ga ɗan kumfan da ke tsattsafowa? Aikin kenan ake yi. Yana fita, cikin yana sakin jiki yana zama gari-gari, bawon kuma yana bushewa. Sai bawo ya bushe sannan zafinsa zai iya haura na tafasar ruwa, wato digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma sai ya haura ɗin ne yake yin ja, ya ƙame, ya ba da ƙamshin gashi.

To idan ka naɗe shi fa? Tururin ya fito, ya tarar an kulle ƙofa. Sai ya koma ruwa ya kwanta a jikin bawon. Ku ga abin da ya taru a cikin foyil ɗin nan da na buɗe. Dankalin ya yi awa guda yana wanka a cikin guminsa. Ya nuna kam, amma turara shi aka yi. Kuma masu cewa naɗewa tana sa ya nuna da wuri, ku gwada da agogo, ba za ku ga lokacin da kuka rage ba.

Na san daga inda al'adar ta samo asali. A gidajen abinci ana kawo shi cikin foyil yana sheƙi, sai mutum ya ɗauka sirrin kenan. Su riƙe ɗumi suke nema, saboda suna gasa da yawa kafin masu ci su iso. Akwai kuma wurin da foyil yake da amfani na gaske: idan a cikin garwashi za a binne dankalin, dole a kare shi daga toka da ƙonewa. Amma a obin, ni dai ban ga abin da yake ƙarawa ba.

A nan zan ɗan rage sauri, don maganar ta wuce ta ɗanɗano.

Dankali a ƙasa yake girma, kuma a cikin ƙasa akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Tana iya lafewa cikin wani ƙoƙo mai tauri wanda zafin tafasa ba ya kashewa. A kan bawon da ke jiƙe a cikin foyil, zafi ba ya kai inda zai hallaka ta. Idan aka ciro dankalin aka ajiye a kan tebur da naɗinsa, an ba ta duk abin da take so: ɗumi, danshi, da wurin da iska ba ta shiga. Sai ta farka ta fara fitar da guba mai shanye jijiyoyi. A shekarar 1994, a birnin El Paso na jihar Texas a Amurka, mutum 30 suka kamu bayan sun ci abincin da aka haɗa da irin wannan dankali, wanda aka bari a naɗe ba a firji ba. Wasunsu sai da aka sa musu na'urar numfashi. Kuma ba lallai ne hanci ko ido su gane gubar ba.

Saboda haka, in har kun naɗe, ku warware da zarar ya fito. Ko dai a ci da zafinsa, ko a riƙe shi a sama da digiri 60, ko ya shiga firji a buɗe kafin awa 2 ta cika.

Mu koma obin. Digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. A jera su a kan ragar ƙarfe don zafi ya zagaye su ta ko'ina. Kimanin awa 1, manya sosai su ɗan ƙara. Ni nakan bari sai saura minti 10 in ciro, in shafa mai, in barbaɗa gishiri, in mayar. Bawon ya riga ya bushe, sai man ya soya shi. Mai ma'aunin zafin abinci ya nemi digiri 96 zuwa 99 a tsakiya. Wanda ba shi da shi ya soka wuƙa, in ta shige sulɓ ba turjiya, ya yi.

Kada a bar shi ya huce a rufe. A tsaga nan take, a sa tawul a matse gefe da gefe. Kai, ku dubi yadda ya buɗe kamar auduga! A ɗan burga cikin da cokali mai yatsu, bota ta fara shiga tun yana tururi don ta bi ko'ina, sai gishiri, sai cuku ko kirim mai tsami, a yanka ganyen albasa a kai. Bawon kuma kada wanda ya ture shi gefen faranti, saboda shi muka yi awa guda muna jira. Bari in gutsura ku ji.