Wa ya ce sai an rubuta "ya/ta"?

[Hoto: sanarwa manne a ƙofar wani biro]

Ku karanta wannan da ƙarfi in kun isa: "Duk ma'aikaci/ciyar da ya/ta makara ya/ta sa hannu a littafinsa/ta." Kun ji yadda harshe ke tuntuɓe? Irin wannan takarda ce ake ta turawa a WhatsApp ana dariya, wasu har suna cewa in haka ne rubutun da ake so ya haɗa maza da mata, to a kai kasuwa.

Niyyar mai rubutun kyakkyawa ce, ba ya son matan biron su ji kamar ba da su ake ba. Maganin ne ya aro daga gidan da ciwonsu ba irin namu ba ne.

[Hoto: allon aji, jimlar Faransanci]

Duk wanda ya zauna lakwal ya san ƙa'idar Faransanci: mata ɗari da namiji ɗaya, da lamirin maza za a ambace su duka. Shi ya sa wasu a Faransa suka ƙirƙiro ɗigo a tsakiyar kalma, ya riƙe namiji da mace tare. Can ma rigima ake yi. A 2017 Académie française, hukumar da ke kula da harshen Faransanci, ta ce abin barazana ce ga rayuwar harshen, a 2021 kuma ministan ilimi ya hana ɗigon a makarantu.

To mu fa? A nan nake so ku tsaya.

Hausa tana raba namiji da mace a tilo: kai da ke, shi da ita. Da zarar an shiga jam'i, rabon ya ƙare. Ku, ku ne. Su, su ne. Ƴan kasuwar Maradi su goma, ko duka Hajiyoyi ne ko duka Alhazai, "sun zo" za ka ce. Don haka dubi sanarwar nan: "Ma'aikatan da suka makara su sa hannu a littafi." Ina sandar nan ta "ya/ta"? Babu.

[Hoto: alƙalami yana soke layi, yana sake rubutawa]

Akwai ma wadda ta fi gajarta, wadda iyayenmu ke aike da ita tun muna yara: "a". A zo, a kawo, a rufe ƙofa. "In an makara, a sa hannu." Kuma yanzu abin ya wuce wasa, tunda kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Wanda zai rubuta sanarwa da Hausa, gara ya yi tunaninta da Hausa.

Amma kar ku ɗauka jam'i laya ce. "Ma'aikata su zo walima da matansu." Jam'i ne tsaf, sai dai Madam mai riƙe da kuɗin biro, da wace matar za ta zo? Rubuta "da mutanen gidansu", kowa ya samu wuri.

Kun ji na ce "kowa ya". Eh, da gangan. Ni a ganina ku bar "kowa" ya huta, ba macen da aka ce "kowa ya ci abinci" ta zauna da yunwa. Inda kuma magana ta mata ce zalla, kamar hutun haihuwa na mako 14 da dokar aiki ta Nijar ta ba su, rubuta "ta" kai tsaye, ba kwana-kwana.

[Hotuna da sauri: tambarin ofis, keken guragu a bakin matakala, ma'aikata suna shan shayi]

Saura a gurguje. In ka rubuta wa namiji "Darakta", kar ka rubuta wa mace "Hajiya" kawai, ba ta muƙaminta. Kar ka kira abokin aiki da nakasarsa, yana da suna, kuma in dole ne a ambaci lalurar, tambaye shi kalmar da yake so. Wasan Bakatsine da Bagobiri kuwa, wallahi ni ma ina yi, duk ranar da na haɗu da mutanen Tibiri, garin Gobirawa, sai mun taɓa. Amma a gindin bishiya wajen shayi, ba a takardar da za ta shekara goma cikin kabad ba.

[Hoto: a koma ƙofar biron, ana manna sabuwar sanarwa]

Yauwa. Malam, ɗan matso da ita ƙasa kaɗan, mai keke ma ya iya karantawa.