Lalo a Saman Bene, Na'ana'a a Bakin Taga

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman matan Hausawa a Jidda.

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka. Hadisin bai ce sai mai gona ba.

Tun rusau ɗin 2022, da yawanmu mun bar gidaje masu tsakar gida a su Karantina da Sabil, mun koma shaƙƙa, wato fulat, a bene na uku ko na huɗu. Kukan da nake ji kullum ɗaya ne: Hajiya, na shuka ya mutu, ba ni da hannu. Wallahi hannunki lafiya lau. Lissafin gida kika zo da shi, ƙasar nan kuwa nata daban.

A gida damina muke jira. A nan damina ba ta da ta cewa, zafi ke da iko. Wata baiwar Allah ta dasa tumatir a watan Yuni, ya yi ganye shar, ya yi fure, furen ya zube kaf. Haka tumatir yake, da zarar zafi ya haura maki 35 ba ya ɗaura 'ya'ya. Saboda haka tumatir, tattasai, latas, jarjir (ganyen salak na Larabawa) da kuzbara (ganyen ƙamshin girki), a saka su daga Oktoba, a ci har Maris. Idan zafi ya shigo, sai a koma kan namu na gado: lalo, wanda Larabawa ke kira mulukiyya, da rama, da kuɓewa, da alayyafo, da zogale. Lalo cikin kwana arba'in zuwa hamsin kin fara yanka, ki bar masa kamu ɗaya a ƙasa, zai sake tofo.

Mazubi ba abin kashe riyal ba ne. Bokitin fenti da aka wanke tas, jarkar man girki da aka yanke kanta, buhun shinkafa, ko kwalin kumfa irin wanda ake zubarwa a halaƙa, wato kasuwar kayan lambu. Sharaɗi dai a huda gindin. Zogale da kuɓewa saiwarsu zurfi take yi, a ba su babban bokiti. Kuma a guji baƙar roba a saman bene, rana tana dafa saiwa a cikinta. Idan ita kike da ita, ki naɗe ta da farin buhu.

Ƙasa kuma, ki haɗa wadda ake sayarwa a buhu da ɗan yashi da taki. Amma takin ya zama ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin tumakin layya ƙona shuka yake yi.

Yanzu ruwa, nan ne zan daɗe. Kun taɓa ganin wani farin abu kamar kanwa a bakin tukunyar shuka? Gishiri ne. Kullum kina yayyafa ruwa kaɗan, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, musamman idan ruwan rijiya ne da wayit, wato tankar ruwa, ke kawowa. Yau kaɗan gobe kaɗan, sai bakin ganye ya fara ƙonewa, ke kuma ki ɗauka ƙishi ne, ki ƙara yayyafawa. Maganinsa a ba da ruwa sosai har ya tsiyayo ta ƙasa, ya tafi da gishirin, sannan a dakata. Ki tura yatsa gaɓa ɗaya cikin ƙasar, in da danshi ki ƙyale ta. Da asuba ko bayan la'asar ake bayarwa.

Ga kuma wata ni'ima da ke bin bango tana lalacewa, har maƙwabta su yi ta faɗa a kanta: ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Iskar Jidda cike take da laimar teku, na'urar tana tatse ta, kuma ruwan kusan ba gishiri a cikinsa. Ki tara jarka a bakin tiyo. Ba na sha ba ne, kuma ba abinci a cikinsa, don haka ki riƙa ƙara taki kaɗan-kaɗan. Ni dai da shi na riƙe na'ana'ata shekara guda cur.

Sai dai ina roƙonku don Allah, jarkar nan a rufe ta, farantin ƙarƙashin tukunya kuma a zubar da ruwansa. Zazzaɓin dengi ya bayyana a garin nan tun 1994, kuma sauronsa a tsabtataccen ruwa kwantacce yake ƙwai, mako guda zuwa kwana goma ya tashi. Kada mu shuka miya mu girbi jinya a kan yaranmu.

Wadda ba ta da hawa saman bene fa? Taga ta ishe ta ganye: na'ana'a, ɗoɗɗoya, albasa mai lawashi. Na'ana'ar da kika sayo don shayi, ki tsoma reshe biyu a kofin ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu zai fitar da saiwa. Ki ba ta tukunyarta ita kaɗai, don ba ta iya zaman tare ba. Shuke-shuke masu 'ya'ya irin su tumatir kuwa sai da rana ta awa shida. Kar a ajiye shuka a saitin iskar mukayyif. Idan fararen ƙwari sun taru a bayan ganye, ki jiƙa ganyen darbejiya, itacen nan da ke mana inuwa a Arfa, ki ɗiga sabulu kaɗan ki fesa da yamma.

(Wata dattijuwa ta yi tambaya.)

Na'am Inna, a Makka kike? Inna na tambaya ko ya halatta a yanki shuka a cikin hurumin Harami. Hanin yana kan abin da ya tsiro da kansa, shi ma an togace izhir, ciyawar nan mai ƙamshi, da Abbas baffan Annabi ya roƙa. Abin da mutum ya shuka da hannunsa na ci, malamai sun halatta yankansa. Ki yanki lalonki, Inna. Sai dai zafin Makka busasshe ne, ya fi namu cin tukunya, ki samo ragar inuwa kafin watan Mayu, in ya tsananta kuma ki ba da ruwa safe da yamma.