Man kanumfari zai iya warkar da olsa?

Binta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Ina tare da Sani, sai baƙonmu Malam Garba mai harhaɗa magunguna. Malam, ƙananan kwalaben nan sun cika kasuwa, man kanumfari, man kirfa, man na'a-na'a, ana cewa suna warkar da gyambon ciki. Akwai ƙamshin gaskiya?

Garba: Akwai, Hajiya, amma ba kamar yadda masu talla ke faɗa ba. Mu fara da abin da ke kawo gyambon.

Sani: Yunwa da yaji mana. Haka muka tashi muka ji.

Garba: Waɗannan suna tayar da raɗaɗi ne, ba su ne tushe ba. Yawanci abu biyu ne. Ko ƙwayar cutar Helicobacter pylori, ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mai aikin ƙarfi ke saya a kemis kullum ya sha da yamma. Likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar a 1982. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya ɗaga ruwan da ya rene ta a ciki ya shanye.

Binta: Da gangan?

Garba: Da gangan, kuma cikinsa ya kamu da kumburi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Sani: To in akwai magani a asibiti, me ya kai masu bincike wajen man itatuwa?

Garba: Ƙwayar ta fara taurin kai. Ana haɗa omeprazole, mai rage tsamin ruwan ciki, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, amoxicillin da clarithromycin, a sha kamar kwana 14. Amma a wurare da yawa clarithromycin ya daina cin ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin ƙwayoyin da ake neman musu sabon magani a 2017. Sai aka duba kanumfari, akwai sinadarin eugenol a cikinsa. A ɗakin gwaji yana kashe ƙwayar, haka man kirfa. A ɓeraye ma an ga wasu mayukan suna ƙara yauƙin da ke kare bangon ciki.

Binta: Ai shi ke nan, Malam!

Garba: Da sauran rina a kaba. A farantin gwaji ƙwayar tana fili, mai na zaune a kanta. A cikin mutum kuwa ɓuya take yi ƙarƙashin yauƙin nan, tana fitar da amoniya don ta kashe kaifin ruwan ciki da ke kewaye da ita. Man da ka haɗiya ya gauraye da tuwo, ya wuce hanji, bai ko gaisa da ita ba.

Sani: Habbatus sauda fa? Ita kam mutanenmu sun riƙe ta.

Garba: Ita an gwada ta a kan mutane, a Saudiyya, aka wallafa a 2010. Gram 2 a rana tare da omeprazole ya kawar da ƙwayar a wajen kashi biyu bisa uku na waɗanda suka sha. Maganin asibiti ya haura kashi 80 cikin 100. Abin a yaba ne, amma ku lura, garin 'ya'yan aka ba su, ba tataccen mai ba, kuma mutanen ba su kai ɗari ba.

Binta: Idan mutum ya ce bari in gwada, in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba?

Garba: Nan ne nake jin tsoro. Man kanumfarin nan da tururi ake fitar da shi, ƙarfinsa ya ninka na kanumfarin da kike jefawa a shayi nesa ba kusa ba. Yana ƙona baki da maƙogwaro, an kuma samu yaran da cokali ɗaya ko biyu ya lalata musu hanta. Man na'a-na'a kuwa sassauta ƙofar cikin da ke hana abinci dawowa sama yake yi, mai ƙwannafi ya sha abin ya ƙaru.

Sani: Wato shayina na kanumfari da citta ya tsira?

Garba: Sha abinka, Sani, in bai tayar maka da ciki ba. Amma wanda ciwon ya daɗe masa ya je a gwada bayan gidansa ko numfashinsa a ga ko akwai ƙwayar. In kuma ya ga bayan gida baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, asibiti zai nufa a ranar.

Binta: Mun gode, Malam. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.